Ina tsoron kwanika, ga maigida ya kusa dawowa daga Kano

Assalamu alaikum Hajiya. Ni ban yi lakwal ba, ƙanwata ce take rubuta mini wannan a wayarta. Ina zaune a wani ƙauye cikin karkarar Matamaye. Shekarata 26, shekara 9 da aure, haihuwata biyar, huɗu suna raye. Na ukun ne ya rasu. Yana da wata 11 na samu ciki, uwar mijina ta ce nonona ya ɓaci, aka shafa mini maɗaci, aka kai shi gidan innata rana ɗaya. Ya yi ta zawo, ƙafafunsa suka kumbura, kafin mu kai shi likita abin ya yi nisa. Yanzu ina goyon yarinya ƴar wata 7, kuma watan jiya jinina ya dawo. In na tashi daga bakin turmi jiri nake ji, in na jawo guga biyu zuciyata ta yi ta bugawa. Maigida yana Kano cin rani, ya ce yana nan tafe kafin shuka. Ina so in huta, amma sau ɗaya da na taɓa yi masa maganar sai ya ce haihuwa ta Allah ce, ya tashi ya fita. Uwarsa kuma ta ce allura tana kashe mahaifa, ta ba ni misali da wata maƙwabciyarmu da ta yi, jini ya yi ta zubar mata, bayan ta bari kuma ta shekara ba ta samu ciki ba. Ga abokiyar zamana tana da ciki, ina tsoron a ce na gaza. Akwai gurun da wata tsohuwa ta ba ni, shi nake ɗaurawa. Hajiya, hutun haihuwa haramun ne? Da gaske yana hana haihuwa har abada? Ko in je in yi a ɓoye? Don Allah a sakaya sunana.

Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya jiƙan yaronki, ya sa mai ceto ne. Na karanta saƙonki sau biyu kafin na iya ɗaukar alƙalami, saboda wurin da kika ce an shafa miki maɗaci. Ki sani ba ki da laifi a mutuwarsa. Abin da manya suka faɗa kika bi, su ma abin da suka taras suka faɗa, kuma kwanansa ne ya ƙare. Amma tun da kin tambaye ni, zan gaya miki gaskiya don ƙanwarsa da take bayanki yanzu: nonon mai ciki ba guba ba ne. Yakan ragu, ɗanɗanonsa yakan sake, amma ba ya ɓaci. Abin da yake kayar da yaro shi ne a raba shi da nono da uwa a rana ɗaya, a miƙa masa fura da ruwan randa tun cikinsa bai saba ba, zawo ya shiga, abinci ya ƙi zama, tamowa ta biyo baya. Kumburin ƙafar da kika gani alamarta ke nan. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi niyyar hana kusantar mace mai shayarwa, sai ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yi kuma ba ya cutar da ƴaƴansu, sai bai hana ba. Don haka ko da Allah ya ƙaddara wani cikin ya shiga kina goyo, kada ki yarda a cire yarinyar nan daga nono a firgice.

Sai maganar jikinki, wadda ta fi damuna a duk cikin wasiƙar. Ki fita tsakar gida da rana, ki sa ƙanwarki ta ja fatar ƙasan idonki ta duba. In ta ga wurin ya yi fari fat maimakon ja, in tafin hannunki da faratanki sun koɗe, to jirin nan da bugun zuciyar nan ƙarancin jini ne mai yiwuwa. Haihuwa biyar cikin shekara 9, kowace da jinin da ta ɗiba, kowace da shayarwarta, ga daka ga rijiya ga gona, jiki bai samu lokacin mayar da abin da ya fita ba. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar da wata za ta jure ita sai ta kayar da ita. Wannan ba ya jiran dawowar kowa. Ranar kasuwa mai zuwa ki ɗauki karnen awon yarinya, wato katinta na likita, ki je CSI, gidan likitan gwamnati mafi kusa da ku, a auna ta, a duba alluranta, ke kuma ki ce wa malamar a duba jininki. In ta ba ki ƙwayoyin ƙarin jini ki sha har su ƙare, ko da kin ga bayan gida ya yi baƙi, haka suke yi. Ki riƙe zogale da wake da rama, da hanta in ta samu, ki bar shan shayi a kan abinci don yana hana jiki ɗaukar amfaninsa. Ba wanda zai ga laifin uwar da ta kai ɗiyarta awo, kuma a zaman nan za ki yi duk tambayoyinki.

Kin ce jininki ya dawo. To ki ɗauka cewa kariyar nono ta ƙare. Shayarwa tana tsare ciki da gaske, iyayenmu ba su yi ƙarya ba, amma sai abu uku sun haɗu: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana ba ruwa ba kunu, kuma uwa ba ta ga al'ada ba. Naki duk sun warware. Mata da yawa ma ciki yana shigarsu tun ba su ga jinin farko ba, shi ya sa za ki ji mace tana rantsuwa ita ba ta yi wanki ba sai ga ciki. Guru kuwa, ƴata, ban raina tsohuwar da ta ba ki ba, da kyakkyawar niyya ta yi, amma abin da aka ɗaura a ƙugu ba shi da hanyar da zai kai ga mahaifa. Kada ki jingina ranki da na ɗiyarki a kansa.

Nawa ne hutun da ake so? Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a 2005, suka ba da shawarar a bari a ƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, in kuwa ɓari aka yi, a ƙalla wata 6. Dalilinsu shi ne cikin da ya biyo wani a kurkusa ya fi zuwa da bakwaini, ko jariri ɗan mitsitsi, ya fi barin uwa ba jini, kuma na bayan da na cikin duka sun fi shiga haɗari. In kin lissafa za ki ga wata 24 ɗin nan shekara biyu ce, wato daidai abin da aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambata, cewa uwaye su shayar da ƴaƴansu shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa. A Suratu Luƙman kuma Allah da kansa ya siffanta ɗaukar ciki da rauni a kan rauni. Sahabi Jabir ya ce suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka, Buhari da Muslim duka sun kawo shi. A kan wannan ne majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwaiti a 1988, ta ce ya halatta miji da mata su ba da tazara tsakanin ciki da ciki na wani lokaci, in akwai buƙata, suka yi shawara suka yarda, ba cutarwa a ciki. Abin da ta hana shi ne kashe haihuwa ɗungurungum ba tare da lalura ba. Ke kuwa ba ki ce kin gama haihuwa ba, cewa kika yi kin gaji. Ni ba malama ba ce, kuma za ki iya samun malamin da zai tsananta, amma ki kwantar da hankalinki, abin da kike nema yana da gindi a addini.

Yanzu bari in tsaya kan maƙwabciyarku, don labarinta shi ne ya cika ƙauyukanmu, kuma ba ƙarya ba ne. Allurar wata uku tana rikita al'ada. Wata ta yi ta ganin ɗigo-ɗigo, wata jinin ya daɗe, wata kuma ya ɗauke gaba ɗaya har ta ɗauka yana taruwa a ciki. Ba ya taruwa ko'ina, mahaifar ce ba ta haɗa shi ba tun farko. Kuma gaskiya ne bayan an bar allurar ciki yakan yi jinkiri, wata watanni kaɗan, wata har kusan shekara daga allurar ƙarshe, sannan ya zo. Jinkiri ne, mahaifa tana nan lafiyarta lau. Ki lura da kyau, uwar mijinki ta ce maƙwabciyar ta shekara ba ciki. Ki tambaya me ya faru bayan shekarar. Abin da yake ɓata wa mata rai shi ne ba a gaya musu wannan tun farko, sai jini ya rikice su tsorata su gudu, labari ya bazu a bakin rijiya. Da ta koma, akwai maganin da ake bayarwa ya tsayar da zubar, ko a sake mata wata hanya. Akwai kuma damuwar salla da azumi, wadda mata suke jin nauyin faɗa. A mazhabarmu ta Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya zarce jinin ciwo ne, ana wanka a yi salla. Ki nemi malamar islamiyya ta warware miki lissafin kwanakinki.

Allura ba ita kaɗai ba ce. Akwai wadda ake sawa a ƙarƙashin fatar damtse, siririya kamar tsinken ashana, shi ya sa mata suke ce mata ashana. Mai tsinke ɗaya tana shekara 3, mai biyu shekara 5, amma ba dole ki kai ƙarshe ba, ranar da kika so a cire miki, kuma da an cire haihuwa take dawowa ba jinkiri. Ita ma tana iya rikita al'ada. Ba ta yawo cikin jiki ta tafi zuciya kamar yadda ake faɗa, za ki iya taɓa ta da yatsa a inda aka sa ta. Akwai ƙwayoyin da aka yi don masu shayarwa, ba sa rage nono, sai dai suna son a sha kullum a lokaci ɗaya, kuma na san yadda damina take, mace ta fita gona tun asuba ta dawo a gajiye, mantuwa ba ta da wuya. Akwai robar da ake sawa a mahaifa, mai daɗewa, sai dai takan ƙara yawan jinin al'ada, don haka mai ƙarancin jini sai an duba ta tukuna. Akwai kwaroron roba, in maigida ya yarda. Da ni ce ke, da nisan ƙauyenku da tsoron jinkirin da kike yi, ashana zan fara tambaya. Amma malamar da ta auna ki ta ga idonki ta fi ni sanin abin da ya dace da jikinki. Abu biyu ki riƙe: tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa magungunan hutun haihuwa cikin abubuwan da ake bayarwa kyauta a gidajen likita na gwamnati, tare da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, sannan allura da ashana, in ba a farkon al'ada aka yi su ba, suna son kwana 7 kafin su kama aiki. Kada a bari sai daren da ya sauka daga mota.

Maigidanki bai ce miki a'a ba. Cewa ya yi haihuwa ta Allah ce, ya tashi ya fita, kuma namiji yakan yi haka in magana ta fi ƙarfinsa ko yana jin kunyarta. Shi ma ya binne ɗa. Shi ne yake barin garinsu duk rani ya je ya yi dako ko tura ruwa a Kano don rumbu ba ya kai su damina. Ya san kuɗin ragon suna, ya san yadda gonar gado take ƙanƙancewa a ƙasarku ta Kance in aka raba ta tsakanin ƴan'uwa. Mai yiwuwa abin da yake tsoro shi ne a ce matarsa ta fi ƙarfinsa, ko uwarsa ta ji, ko kuma ya ɗauka so kike ki rufe haihuwa. Kada ki yi masa maganar a waya, mutane suna kewaye da shi. Ki bari ya sauka, ya ci, ya huta, ranar girkinki bayan yara sun yi barci. Kada ki fara da sunan allura. Ki fara da yaron da kuka rasa, ki kira sunansa, ki ce ba ki son ƙanwarsa ta bi hanyarsa. Ki nuna masa ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ki. Ki faɗa masa adadi, don namiji ya fi natsuwa da abin da yake da iyaka: "Malam, so nake in yaye wannan da ƙafarta, damina biyu kawai, sannan in Allah ya kawo wani muna so." In ya ce haihuwa ta Allah ce, ki ce haka ne, ruwan sama ma na Allah ne, amma ba a shuka gero a cakuɗe, sai an ba kowane rami taki ɗaya, in ya fito kuma a cire wasu don sauran su yi kai. Manomi ne, ya fi ki sanin wannan.

In bakinki bai isa ba, ki nemo wanda yake jin nauyinsa, ko yayanki, ko kawunki, ko limamin da kika san yana da sauƙin kai. A nan jihar Damagaram aka fara abin da ake kira makarantar mazaje, wajen 2008, da tallafin UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'amuran yawan jama'a: magidanta na gari masu mutunci suna zama suna tattauna awon ciki da haihuwa a likita da tazarar haihuwa, sannan su yi wa ƴan'uwansu maza magana a majalisa da bakin masallaci. Daga nan ne abin ya bazu zuwa sauran jihohi. Ki tambayi malamar CSI ko akwai irinsu a karkararku. Maganar da namiji zai ƙi ji daga bakin matarsa, sau da yawa yana karɓarta daga bakin abokinsa a kan tabarma. Mafi kyau duka shi ne ya raka ki, manjo, wato babban ma'aikacin gidan likitan, ya yi masa bayani da kansa, ya yi tambayarsa ya ji amsa.

Uwar mijinki kuwa, kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Matan zamaninsu sun ga ƙyanda ta shiga gari ta kwashe yara, shi ya sa a wurinsu yawan haihuwa shi ne maganin mutuwa. Amma ki zauna kusa da ita wata rana kina tsince mata wake, ki tambaye ta shekara nawa ne tsakanin mijinki da mai bi masa. Na tabbata za ta ce biyu da wani abu, ko uku. A zamaninsu mai jego gidan iyayenta take tafiya ta daɗe, miji yana nisantar ɗakin mai goyo har a yi yaye, kuma macen da ta yi kwanika har waƙa ake yi mata a dandali. Kakata takan ce su a da kunya ce ta raba musu haihuwa. Wannan shingen ya faɗi, yanzu ana yin arba'in an koma ɗaki, ba a kuma sa wani abu a madadinsa ba. In ta tuna da wannan da bakinta, kin samu rabin abin da kike so, don hutun da kike nema shi ne wanda ita ta samu. Ba dole ne ta san wace hanya kuka bi ba, wannan tsakaninki da ɗanta ne.

Ta abokiyar zamanki ba zan daɗe ba. Na san gasar haihuwa gaskiya ce a gidan mata biyu, har da lissafin gado a ciki. Amma ƴaƴa huɗu kike da su kina shekara 26, ba mai hankalin da zai ce kin gaza, kuma in kika faɗi a wurin haihuwa ita za a bar wa su. Ki taya ta aiki da cikin nan nata, ki ja ta ku je awo tare. Ba mamaki ita ma abin da yake ranki shi ne a nata.

Saura tambayarki ta ƙarshe, ko ki yi a ɓoye. Mata da yawa suna yi, kuma ba zan zage su ba, don na san abin da ya kai su. Ma'aikatan lafiya aikinsu ne su riƙe sirrin wanda ya zo wurinsu. Amma ba da shi nake so ki fara ba. Ashana ana jin ta a damtse, al'ada in ta rikice miji yakan lura, kuma in ya gano da kansa, maganar ta tashi daga hutu ta koma ta amana, wadda ta fi wuyar gyara. Malaman da suka halatta ma da yardar juna suka haɗa. Ki ba shi dama tukuna, sau ɗaya, sau biyu, da bakinki da bakin manya. In duk an yi ya kafe, alhali likita ya duba ki ya ce wani ciki yanzu haɗari ne ga ranki, to a nan magana ta sake. Addini bai yarda da cutarwa ba, kuma rai yana gaba da komai. Ki sa a rubuta miki abin da aka gani, ki kai wa mahaifinki ko waliyyinki, a kira malami a zauna. In kuma kina tsoron zai kai miki hannu saboda wannan magana, kada ki tunkare shi ke kaɗai, ki faɗa wa malamar likita da iyayenki tun kafin ya dawo.

Kafin nan ki ci gaba da ba yarinya nono dare da rana, ki haɗa mata da kunu mai ƙuli-ƙuli ko garin wake tun da ta wuce wata 6, ku kwana cikin gidan sauro don damina tana tafe da zazzaɓinta. In jirin ya ƙaru, ko kika ga numfashinki yana yankewa kina zaune, ko ƙafafunki suka kumbura, kada ki jira ranar kasuwa, a nemi amalanke ko babur a kai ki ranar, in sun ga abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki Matamaye ko Zinder. Ke kuma ƙanwarta da kike karanta mata wannan, Allah ya yi miki albarka, ki raka ta, ki riƙe mata yarinyar lokacin da take magana da malamar. In kun dawo ku rubuto mini abin da aka ce game da jinin.